Ɗaukar Hoton Tsuntsu Yana Cikin Tashi: Wasa Ne Ko Aiki?

Duk wanda ya taɓa kwana a wajen Dosara, ta ƙasar Maradun, a lokacin da shinkafar rani ta fara nuna, ya san abin da a kan gani da sassafe. Tun rana ba ta ɗaga ba, sai a hangi wani abu baƙi ya taso daga bakin ruwa kamar hayaƙin gobara, ya miƙe, ya karkata, ya dunƙule, sa'an nan ya zuba cikin gona. Nan da nan sai ka ji ihu ya ɓarke, yara suna kaɗa gwangwani, suna jifa da majajjawa. Wannan hayaƙi ba kome ba ne illa jan-baki, ɗan tsuntsun nan da bai cika tafin hannu ba, amma ya hana manomi barci. Yaran nan kuwa masu ihu, da yawansu sunansu yana cikin rajistar makaranta, malami ya kira su da safe bai ji amsa ba.

In ɓarna ta yi yawa, manoma su kan kai kuka ga dagaci, dagaci ya kai ga hakimi, akawu ya zauna ya rubuta takarda cewa tsuntsaye masu yawan gaske sun addabi jama'a. Tun zamanin En'e haka a ke yi. To, amma wanda takarda ta isa gare shi ya kan yi tambaya uku: Wane irin tsuntsu ne? Yawansu nawa? Ina su ke kwana? A nan ne magana ta kan tsaya, don kuwa ido ba ya iya tsayar da abin da ke gudu, balle ya ƙidaya shi. Abin da mu ke so mu nuna wa mai karatu yau shi ne, akwai abin da ke iya amsa tambayoyin nan uku, watau hoto. Mutane da yawa sun ɗauka bin tsuntsu da kyamara wasan Turawa ne da na waɗanda ba su da aikin yi. Bari mu duba mu gani ko haka ne.

Ruwan Bakolori da baƙinsa

A shekarar 1978 aka gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. Ruwan da ta tare ya kwanta a fili mai faɗin hekta 8,000, ya yi tsawon kilomita 19, aka kuma ja hanyoyin ruwa zuwa gonakin ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Dubban mutane sun rabu da gidajensu da gonakin kakanninsu saboda wannan aiki, ba a kuwa manta da wahalar da suka sha ba. Saboda haka kowace ƙwayar shinkafa da ta fito daga wannan ruwa da tsada aka saye ta.

Amma ba mutum kaɗai ya lura da ruwan ba. Inda duk aka sami ruwa da ɗanyen tsiro a tsakiyar rani, tsuntsaye za su hallara. Ga balbela tana bin shanu da masu huɗa, ga zalɓe a tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, ga kirinjijiya da ɗinya, ga shirwa tana shawagi. Da hunturu kuma a kan sami baƙi daga ƙasashen Turai, waɗanda su kan ƙetare teku da Sahara don gudun sanyin ƙasarsu. Cikin wannan taro duka, kaɗan ne ke cin hatsi, jan-baki shi ne shugabansu.

Tsawonsa bai wuce santimita 12 ba, nauyinsa kamar giram 20, amma masana sun ƙiyasta cewa cikin tsuntsayen daji na duniya babu wanda ya kai shi yawa, don ana lissafa shi wajen miliyan 1,500, duk a Afirka. Wani Baturen Ingila mai suna Peter Ward ya yi bincike a kansa a wajen Tafkin Chadi, ya buga abin da ya gano a 1965. Ya nuna cewa ainihin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce, sai in ta yi ƙaranci ya ke auka wa gona. Shinkafar rani kuwa tana nuna ne daidai lokacin da daji ya bushe ƙurmus. Ka ga ashe tamkar mun shimfiɗa masa tabarma ne, mun ajiye masa akushi.

Bindigar da ba ta kisa

Tun da aka ƙago ɗaukar hoto, wajen 1839, an daɗe ba a iya ɗaukar abin da ke motsi. Sai mutum ya zauna shiru, kamar an ƙafe shi, kafin hotonsa ya fito. Tsuntsu kuwa wa zai ce masa ya tsaya?

A 1882 wani likita Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, ya ƙera wata na'ura mai siffar bindiga. Maimakon harsashi, cikinta akwai wani faifai mai juyawa wanda ke ɗaukar hoto 12 cikin sakan ɗaya. Ya kan fita bakin teku a birnin Napoli na ƙasar Italiya, ya auna tsuntsu, ya bi shi da bakin bindiga, ba a ji ƙara ba, tsuntsu bai faɗo ba, shi kuwa ya koma gida yana murna. Mutanen wurin suka ce ai wannan taɓaɓɓe ne. Ashe abin da ya ke kawowa gida ya fi nama. Hotunansa ne suka nuna a fili cewa tsuntsu ba sama da ƙasa kawai ya ke kaɗa fiffike ba: in zai sauke shi ya kan buɗe shi sosai ya tura shi gaba, in zai ɗaga kuwa sai ya ɗan naɗe shi don kada iska ta tare shi. 'Yan Adam sun yi shekaru dubbai suna kallon tsuntsu, ba su tabbatar da wannan ba sai da aka tsayar da shi a takarda.

Bayan shekara biyu, a 1884, wani Bajamushe, Ottomar Anschütz, ya ɗauki hotunan wani ɗan'uwan shamuwa na ƙasarsu yana tashi yana sauka a sheƙarsa. Hotunan nan suna cikin abubuwan da suka ƙarfafa wa Otto Lilienthal zuciya, wanda ya ƙera wa kansa fikafikai ya fara shawagi da su a 1891. Shi kuma aikinsa ne ya buɗe wa 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, hanya, har suka tashi da jirgin sama a 1903. Watau jirgin nan da Gwamnati ta kan turo ya fesa wa jan-baki magani, in ka bi asalinsa, za ka tarar da hoton tsuntsu a ciki. Ko wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin ya wuce wasa.

Lissafin ƙiftawa

Yaya a ke tsayar da tsuntsu a hoto? Ga yadda abin ya ke. Kyamara tana da ido, tana da kuma wani ƙyaure mai buɗewa ya rufe kamar fatar ido. Iyakar lokacin da ƙyauren ya yi a buɗe, shi ne abin da ke shiga hoto. In abu ya motsa cikin wannan lokaci, sai ya fito kamar an shafa tawada da hannu.

Malaman lissafi, ga aikin allo. A ce tsuntsu yana gudun kilomita 40 a awa. Cikin sakan ɗaya ya ci mita 11 ke nan. In ƙyaure ya buɗe na kashi ɗaya cikin 60 na sakan, tsuntsun ya riga ya gusa da santimita 18, fiye da tsawon jikin jan-baki, don haka ba abin da za a gani sai dishi-dishi. In kuwa aka gaggauta ƙyauren ya zama kashi ɗaya cikin 2,000, abin da zai gusa bai fi rabin santimita da kaɗan ba, sai ga baki, ga ido, ga gashin fiffike ɗaiɗai. Manyan tsuntsaye masu kaɗa fiffike a hankali, irin su zalɓe, kashi ɗaya cikin 1,000 ya ishe su. Ƙanana masu zafin nama, irin su tsattsewa da jan-baki, sai 2,000 ko fiye.

Amma kowane samu da nasa rashi. In ƙyaure ya yi sauri, hasken da zai shiga kaɗan ne, hoto ya yi duhu. Maganin wannan iri biyu ne. Na farko, a buɗe ƙwayar idon kyamara iyakar faɗinta. Na biyu, a ɗaga ma'aunin nan da a ke rubutawa ISO, wanda ke ƙara wa kyamara saurin jin haske, ko da ya ke in ya yi yawa hoto ya kan yi tsakuwa-tsakuwa. Ka tuna dai, hoto mai tsakuwa wanda a ke gane tsuntsu ya fi mai santsi wanda ba a gane kome.

Kyamarorin zamanin nan suna iya bin tsuntsu da kansu suna daidaita gani, suna kuma ɗaukar hoto goma ko ashirin a jere cikin sakan ɗaya. Masu sana'ar su kan sa musu dogon madubi mai jawo nesa, na milimita 300 ko 400. Waɗannan kaya suna da tsada, albashin malamin firamare ba zai ɗauka ba. Amma kada wannan ya karya wa kowa gwiwa. Wayar hannu da ke aljihunka, in mai kyau ce, tana da wurin ɗaukar hoto mai motsi a hankali, wanda ke kama hoto 120 ko 240 cikin sakan ɗaya. Wannan ya ninka bindigar Marey sau goma ko sau ashirin. In ka ɗauka, sai ka koma inuwa ka riƙa tsayar da shi ɗaya bayan ɗaya, har ka sami wanda ya fito sosai.

Ilmin maharba

Na'ura dai rabin aiki ce, sauran rabin kuwa yana wurin maharbanmu tun kaka da kakanni. Kowa ya san yadda maharbi ya kan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, har ya isa kusa da nama. Turawa ma da suka fara wannan sana'a dabarar da suka bi ke nan. Wasu 'yan'uwa biyu a Ingila, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka buga littafin sheƙunan tsuntsaye mai hotuna a 1895, sun sa an yi musu sa na ƙarya da fatar sa na gaske, cikinsa rami. Sai mutum ya shiga da kyamara, idonta yana leƙowa ta ƙirjin san. Wata rana ɗayansu ya daɗe a ciki har jiri ya ɗebe shi, sa ya kife da shi, ɗan'uwansa ya zo ya tarar da ƙafafu shida a sama.

Kai ba sai ka nemi fatar sa ba. 'Yar bukkar kara a bakin ruwa ta isa, in ka kafa ta kwana biyu ko uku kafin ka shiga, don tsuntsaye su saba da ita. Ka bar farar riga a gida, ka sa mai launin ƙasa. Ka shiga tun da asuba, ka zauna, ka yi shiru. Sa'an nan ka kiyaye abubuwa huɗu.

Na ɗaya, rana ta kasance a bayanka, don haskenta ya faɗa a kan tsuntsu. Na biyu, iska ma ta kasance a bayanka, domin tsuntsu ya kan fuskanci iska in zai tashi ko zai sauka, ka ga ke nan kai zai fuskanta, saurinsa kuma ya ragu. Da hunturu Allah ya sauƙaƙa mana wannan, don iska daga arewa maso gabas ta ke busowa, rana kuma da safe tana gabas. Sai dai ranar da hazo ya yi kauri haske ya kan yi rauni, ƙura kuma maƙiyiyar kyamara ce, a riƙa rufe ta da tsumma. Na uku, kada ka tsayar da hannunka ka jira tsuntsu ya shigo. Ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka bi shi kana juya jikinka duka daga ƙugu, ka danna kana cikin binsa, kada kuma ka tsaya bayan ka danna. Na huɗu, ka san halin tsuntsun. Kafin babban tsuntsu ya tashi ya kan ɗan durƙusa ya miƙa wuya. Jan-baki kuwa in yana kiwo a ƙasa, na baya su kan tashi su tsallake na gaba su sauka, garken ya yi ta mirginawa kamar ana naɗe tabarma. Wanda ya san haka ya san inda zai auna tun kafin su iso.

Mai koyo kada ya fara da tsattsewa, zai yi fushi ya bari. Ya fara da balbela in tana komawa makwanci da yamma, don fara ce, tana tafiya a miƙe, ba ta gaggawa. Kada kuma ya damu in ya ɗauki hoto ɗari ya sami biyu masu kyau, ƙwararru ma haka su ke zubarwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Hoto biyu, amsa uku

Mu koma ga tambayoyin nan na ofis. Hoto iri biyu a ke bukata. Na farko na ganewa ne, a kan ɗauke shi a kusa, a mashaya, rana tana baya. Shi zai nuna jan bakin nan da ya ba tsuntsun suna. In lokacin hayayyafa ya gabato, yawancin maza fuskarsu ta kan yi baƙi, bakin mata kuwa ya koma rawaya. Wannan labari ne mai amfani ga malamin gona, don ƙwan jan-baki kwana goma kawai ya ke yi ya ƙyanƙyashe.

Na biyu na ƙidaya ne, a kan ɗauke shi daga nesa, garke yana ratsa sararin sama, kowane tsuntsu ya fito kamar ɗigon tawada a farar takarda. Sai a raba hoton gida 20 daidai wa daida, a zaɓi gida uku, mai cunkoso da matsakaici da mai kaɗan, a ƙidaya. A ce an sami 150 da 90 da 60. Tsakaicinsu 100 ke nan, hoton duka 2,000. In kuwa an lura cewa kowane sakan biyu sababbi ne ke cika idon kyamara, garken kuma ya yi minti goma yana wucewa, sai a ninka 2,000 sau 300, a sami 600,000. An ƙiyasta cewa jan-baki ɗaya ya kan ci kamar giram 10 a yini. Ashe wannan garke na misali zai iya cin tan 6 kullum, watau buhu 120 mai kilo 50, in duk a gona ya ci, ban da abin da ya kakkaɓe ƙasa. Lissafin ba zai rasa kuskure ba, don wani tsuntsu ya kan ɓoye bayan wani, amma ina za a haɗa shi da cewa "masu yawan gaske"?

Tambaya ta uku kuwa, ta makwanci, amsarta tana ga wanda ya tsaya da magariba kwana uku a jere, ya ɗauki garke tare da wata alama ta ƙasa, ko kuka ko dutse, ya rubuta rana da lokaci da fuskar da suka nufa. Jan-baki ya kan kwana a taru cikin dogayen ciyayin bakin ruwa ko rake ko ƙayoyi. Hoton da ba shi da kwanan wata da sunan wuri kamar takardar da ba a sa wa hannu ba ne, akawu ya san darajarta.

Kada a haɗa da mara laifi

Ga wani dalili kuma da ya fi waɗannan nauyi. Maganin da a ke fesa wa makwancin jan-baki daga jirgi dafi ne, ba ya tambayar sunan tsuntsu. Duk wanda ya kwana a wurin zai sha, shirwa da shaho da suka ci gawa su ma su bi. Alhali balbela fara ta ke ci, shamuwa da ke zuwa mana da bushara da damina ita ma fara da tsutsa ta ke ci, mujiya da a ke tsana ɓera ta ke kamawa a bakin rumbu. Waɗannan ma'aikatan manomi ne da ba a biyansu lada. In hoto ya nuna cewa makwancin na jan-baki ne, sai a san abin yi. In kuwa ya nuna na balbela ne, an tsirar da ita, an kuma tsirar da kuɗin jama'a. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ba maƙwabcinsa ba.

Dattawa suna ba da labarin yadda a ke ganin gauraka a fadamun ƙasar Hausa, mai tukku kamar zinariya. Yau ta yi wuyar gani ƙwarai a Nijeriya, jikokinsu da yawa sai a waƙa da karin magana su ke jin sunanta. Da an riƙa ajiye hoto da lissafi shekara bayan shekara, da an farga tun tana raguwa. Saboda irin wannan ne cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, inda 'yan sa-kai ke rubuta abin da suka gani a yankinsu su aika. Ba wanda ya fi mazaunin wuri dacewa ya ba da labarin tsuntsayen wurinsa.

Gargaɗi da roƙo

Sai dai a yi hattara. Kada wanda ya fita bakin ruwa ko daji ba tare da ya shaida wa mai unguwa ko dagaci ba, ya kuma ji shawararsu game da lafiyar hanya, don ƙasar Zamfara ta sha fama da 'yan bindiga, hoto kuwa bai kai rai ba. Kada a ɗauki ginin madatsa ko gonar mutum sai da izini. Kada a matsa wa sheƙa, don uwa in ta tsorata ta kan bar ƙwai rana ta kashe shi, wata kuwa ta kan yi faɗa. Eric Hosking, wanda ya shahara a wannan sana'a a Ingila, mujiya ce ta cire masa idon hagu a 1937 sa'ad da ya ke aiki kusa da sheƙarta.

Roƙonmu ga malaman makaranta na Dosara da Maradun da Bakura da Talata Mafara shi ne, yaron nan da ya yi fashin makaranta don korar tsuntsu, ya san lokacin fitowarsu da hanyarsu da mashayarsu fiye da kowa a ajin. In ya dawo, a tambaye shi abin da ya gani, a ɗora hoton garke a gabansa, a ba shi gida uku ya ƙidaya. Ku kuma akawuna, in kuka zo rubuta kukan manoma, ku liƙa hoto biyu a jikin takarda, da rana da wuri da adadi. Gani ya kori ji. Allah ya tsare mana amfanin gona, ya ba mu damina mai albarka, amin.